Zuwa ga likitoci da ma'aikatan asibitocinmu: jikin na matashin ne, ku yi masa bayani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Ni malama ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kano, kuma cikin ayyukan da aka ɗora mini har da raka ɗalibai asibiti idan ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na makaranta. A gida kuma ina riƙon ɗan yayana mai sikila. Don haka bencin asibiti ya san ni, na san shi. Ina ganin layin da ke jiranku tun da sassafe, ina kuma sane da abokan aikinku da suka tattara suka tafi Saudiyya da Ingila suka bar muku kayan. Ban zo da maganar da ke neman kasafin kuɗi ba. Roƙona shi ne, idan kun rubuta wa ɗan shekara 13 ko 'yar shekara 16 gwaji ko hoto ko tiyata, ku juyo ku dube shi, ku yi masa bayani da bakinku, da Hausa, tun ranar ba ta zo ba.

Ga yadda abin yake tafiya yanzu. Mu shiga, yarinya ta rakuɓe a gefe. Likita ya dubi babba ya ce, "Hajiya, me ke damunta?" Babba ta faɗi abin da ta sani, wanda sau da yawa rabin labarin ne. A rubuta takarda da wasu haruffan Turanci a gajarce, a ce a dawo ranar Talata, kar ta ci komai. Mu fito. Mai ciwon ba ta ce uffan ba, ba a kuma ce mata ba. Kafin mu isa gida babbar ma ta manta wani abin.

Matashi ba shi da gurbi a tsarin asibitocinmu. A wurare da yawa ɓangaren yara yakan sallame shi tun bai kai sha biyar ba, sai ya tsinci kansa a ɗakin manya, gadonsa kusa da na dattijon da ya yi jika da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware 'yan shekara 10 zuwa 19 a matsayin rukuni mai zaman kansa, kuma duk wanda ya zauna da su ya san dalili. Ƙaramin yaro zai tsala ihu, a riƙe shi, a gama, a saya masa alewa ya manta. Matashi ba ya ihu. Shiru zai yi, ya kwana yana saƙa da warwara, abin da kuka ƙi gaya masa kuma ya je ya nemo a waya ko a bakin abokai. A ɗakin kwanan ɗalibaina na ji ana cewa wadda aka yi wa allurar baya ba ta ƙara tafiya daidai, wadda aka tsaga cikinta ba ta haihuwa, wanda aka sa barci wani lokaci ba ya farkawa sai a lahira. Da wannan guzurin suke zuwar muku.

Na san za a ce ai uba ne ke sa hannu. Gaskiya ne, wanda bai kai 18 ba waliyyinsa ke sa masa hannu a takardar amincewa. Amma sa hannu daban, sanin abin da za a yi wa jikinka daban. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora muku yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki da abin da za a yi masa da amfaninsa da haɗarinsa, cikin harshen da yake ji, daidai da iliminsa. Nijeriya kuma tun 1991 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda ta ce a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Mu mutanen Kano ma ba sai an karanto mana doka ba. Iyayen waɗannan yaran sun ga shekarar sanƙarau ta 1996 da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara, da shari'ar da ta biyo baya shekara da shekaru a kan ko an yi wa iyaye bayani ko ba a yi ba. Sun ga kuma yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Yardar da ta rage tsakanin jama'a da asibiti, da bayani ake ciyar da ita.

Bari in fara da umarnin da kuka fi bayarwa, "kar ya ci komai." A wurin yaro da kakarsa, koko ba ci ba ne, sha ne. Haka fura, haka kunun gyaɗa, haka shayi mai kauri da madara. Uwa ta ga ɗanta zai shiga tiyata, tausayi ya kama ta, ta dama masa koko ta ce ya ɗan tare cikinsa. Ko kaka ta zo da asuba da kwalbar rubutu ta ce ya shanye. Idan an tambaye shi a ƙofar tiyata ko ya ci wani abu, zai ce a'a, kuma a ganinsa bai yi ƙarya ba. Ba wanda ya gaya masa cewa idan maganin barci ya kama mutum, abin da ke cikinsa na iya dawowa ya faɗa huhu, kuma hakan na kisa. Ɗan shekara 15 da ya karanta hanyar abinci da hanyar numfashi a aji zai gane wannan cikin minti ɗaya, kuma idan ya gane, shi da kansa zai ture kofin. Ku ba shi lokaci da agogo. Ƙa'idar da likitocin sa barci ke bi a ƙasashe da yawa ita ce awa shida ga abinci mara nauyi da duk abin da ke da madara, awa takwas ga mai maiƙo da nama, awa biyu ga ruwa zalla. Idan tsarin asibitinku ya bambanta, ku faɗi naku, amma ku ce "daga ƙarfe kaza," ku ambaci koko da fura da sunansu. Rubutun ma kar ku yi masa dariya. Ku ce a sha tun da dare, da safe a shafa.

Akwai ɗaya gefen. A ce wa yaro ya daina ci da sha tun sha biyun dare, gari ya waye, layin tiyata ya yi tsawo ko wuta ta ɗauke, sai bayan la'asar a kira shi, ko a ce sai gobe. Mai lafiya zai galabaita ne kawai. Mai sikila kuwa, kun fi ni sanin cewa ƙarancin ruwa a jiki na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Yaran nan sukan yi tsakuwar matsarmama da lalacewar ƙashin ƙugu a shekarun balaga, don haka suna cikin waɗanda aka fi kaiwa hoto da tiyata. Ku sa su a farkon layi, ko ku ɗaura musu ruwa da wuri, ku kuma gaya wa yaron cewa yana da damar ya kira Sista ya ce, "Ni sikila ne, tun dare ban sha ruwa ba." Mai ciwon suga da ke allurar insulin da mai shan maganin farfaɗiya su ma a fayyace musu wanne za su sha da safen, wanne za su rage, wanne za su tsallake. Kar a bar su da ƙiyasi.

Sai maganar "ba zafi." Don Allah ku daina. Akwai zafi, kun sani, shi ma zai sani nan da daƙiƙa biyar, daga nan kuma duk abin da kuka faɗa ya zama abin tuhuma. Ku ce zai ji sukar allura, za a ƙirga zuwa goma an gama. Ku nuna masa 'yar kwalbar: jinin da za a ɗiba bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, alhali a jikinsa akwai wajen lita huɗu. Wannan kaɗai ya isa ya kashe zancen "sun kwashe min jini" da ake ta ɗura wa yara maltina da madara a kansa. Wasu matasan sukan ga jiri har su faɗi idan sun ga allura, kuma ƙattin samari ba su tsira ba. Ku tambaya, ku kwantar da mai irin wannan kafin ku soka, kar a jira ya zube a gaban layi a yi masa dariya. Kalmar "rago" da "ji ƙato da kai" ba ta taɓa sa jijiya ta fito ba.

Ɗibar ruwan baya, wato zuƙo ruwan laka da allura don gwaji, ita ce ta fi kowanne mugun suna. Daga hunturu zuwa bazara, lokacin sanƙarau, za ka ga iyaye sun sa hannu sun ɗauke ɗansu da zarar an ambace ta. Dalilin a fili yake: waɗanda ake yi wa galibi suna cikin mawuyacin hali, idan cutar ta yi ajalinsu sai a ce allurar ce. Ku zana wa yaron da ubansa a bayan kati. Ga inda laka ta ƙare, ga inda allura ke shiga, can ƙasa da ita. Jiki na samar da wajen rabin lita na wannan ruwan kowace rana, abin da za a ɗiba 'yan ɗigo ne a kwalabe. Zai kwanta ta gefe ya dunƙule, gwiwa a ƙirji, zai ji ana danna masa baya, wataƙila ya yi ciwon kai na kwana biyu. Yaron da ya san haka zai tsaya cak, aikinku ya yi sauƙi. Wanda bai sani ba sai mutum huɗu sun danne shi.

Ɗakin hoto shi ma da nasa. Ba a gaya wa yarinya cewa injin MRI rami ne matsattse, za ta kwanta a ciki daga minti ashirin zuwa kusan awa ba motsi, yana ƙara kamar injin markaɗe a kunnenta. Sai ta shiga ta firgita, hoton ya lalace, uban da ya sayar da akuya ya biya a ce ya sake neman rana. Ku ce mata maganaɗisu ne mai ƙarfi, shi ya sa tun daga gida za ta cire 'yan kunne da ɗan hanci da awarwaro da fil ɗin hijabi da jigida mai ƙarfe, ta bar kwalli ranar, idan kuma akwai laya a jiki a faɗa. Ku nuna mata abin da za ta matsa idan ta ji ba za ta iya ba, ku ce kuna jin ta kuna ganin ta. A hoton CT, ruwan da ake sawa ta jijiya yakan sa ɗumi ya ratsa jiki har mutum ya ji tamkar ya saki fitsari. Wata ɗalibata ta fito daga irin wannan tana kuka wiwi, ta ƙi tashi daga kan gadon, tana zaton ta yi abin kunya a gaban maza. Jimla ɗaya kafin a fara da ta raba ta da wannan. Sikanin na mara kuma yana son mafitsara a cike, na ciki yana son a zo da yunwa. Yara kan juya su, su sha tafiya daga ƙauye a ce su koma.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kafin a yi wa mace hoton da ke da haske mai ratsa jiki ko a sa ta barci, dole ku tambayi yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, don a tabbatar ba ta da juna biyu. Tambaya ce ta ilimi, kowace mace ake yi wa. Amma kuna yin ta a gaban mahaifinta, ko yayanta namiji da ya kawo ta a babur, wani lokaci daga wancan ƙarshen ɗakin da murya sama. 'Yar Bahaushe ba za ta amsa ba. Za ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, uban kuma ya fara tunanin me likita ya gani. Na san gidan da irin wannan tambayar ta jawo wa yarinya mako guda na tuhuma, alhali ba komai. Ku ce wa babban, "Alhaji, a ɗan ba mu wuri, haka muke yi da kowane matashi." Idan doka ce ta kowa, ba wanda zai zargi kowa. Ma'aikaciya mace ta zauna a ɗakin, a yi tambayar a hankali, a faɗi dalilinta.

Cikin waɗannan mintuna biyar ɗin ne za ku ji abin da ba za a taɓa faɗa a gaban Baba ba. Hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a 2018 bai kawar da shi daga unguwanni ba, tiramadol ma yana nan, shisha kuwa ta zama ado. Mai sa barci yana bukatar sanin wannan, don jikin da ya saba da ƙwaya ba ya karɓar maganin kashe zafi yadda aka zata. Ku tambaya ba da sigar ɗan sanda ba, ku gaya wa yaron iyakar sirrin da za ku iya riƙewa da inda dole a sa iyaye. Ku tambayi jiƙe-jiƙe da maganin gargajiya da na Islamik kemis ba tare da yatsina fuska ba, in ba haka ba za a ce muku ba a sha komai.

Samari kuma suna da nasu abin da suke binnewa. Murɗewar maraina tana yawan faruwa ne a shekarun balaga, kuma awa shidan farko su ne ake da kyakkyawan zaton ceto. Yaro zai kwana yana murƙususu ya ce cikinsa ne ke ciwo, domin ba zai iya furta wurin a gaban Umma ba. Mai sikila kan yi fama da miƙewar gaba mai raɗaɗi wadda ba ta da alaƙa da sha'awa, idan ta kai awa huɗu ta zama ta gaggawa, jinkiri kuma na iya nakasa shi har abada. Yara nawa ne masu zuwa kilinik ɗin sikila wata-wata aka taɓa zaunar da su aka gaya musu wannan tun kafin ta faru? Mu a gida muna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu ɗin ne muka koya musu kunyar, kuma bakinmu ba ya iya buɗe zancen. Naku yana iyawa.

Kunyar jiki ba taurin kai ba ce. Yarinyar da tun tana 'yar shekara tara ba wanda ya ga gashinta a waje, rana ɗaya a miƙa mata riga mai buɗaɗɗen baya a ce ta tuɓe, a tura ta a keke ta ratsa baranda. Ku gaya mata tun jiya me za ta cire, me za ta bari, wa zai kasance a ɗakin, maza nawa. Ku bar mata hula da zanen rufa har ƙofar tiyata. A asibitocin koyarwa na san dole ɗalibai su koya, ni ma malama ce. Amma mutum goma sha su kewaye gado a yaye wa budurwa riga ana Turanci a kanta, ba sallama ba neman izini, wannan ba ya cikin karatun. A tambaye ta, a rage yawansu, a ja labule.

Ku kuma faɗi abin da zai tarar idan ya farka. Maƙogwaro zai yi kaushi saboda robar numfashi, zai iya jin tashin zuciya ko rawar sanyi, zai ga robar fitsari a jikinsa. Idan allurar baya ce ta kashe zafi a madadin sa barci, idonsa biyu za a yi aikin, zai ji ana taɓawa da ja amma ba zafi, ƙafafunsa za su yi nauyi na wasu awanni sannan su dawo. Wanda taifot ta huda wa hanji, idan akwai yiwuwar ya farka da jakar bayan gida a gefen ciki, a gaya masa ko da a gurguje ne, a kuma gaya masa cewa galibi ta wucin gadi ce. Tambayoyin da ke ransa ba irin na uban ba ne. Uba na tambayar kuɗi da ranar sallama. Shi yana so ya ji girman tabon, yaushe zai koma ƙwallo, zai samu zana WAEC, zai iya azumi bana, za a gane a makaranta. Ba zai tambaya ba sai kun ce, "Kai fa, me kake so ka sani?" sannan kun yi shiru kun jira.

Sakamako ma wani wurin ne da ake yin ɓarna. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, 'yan mata da yawa da ba su kai ashirin ba suna zuwa gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da nau'in jini, ga kuma makarantun da ke neman takardar gwaji kafin ɗaukar ɗalibi. Ana miƙo takarda ta taga. Yarinya ta ga an rubuta AS ta koma gida tana kuka wai tana da sikila. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon, lafiyarsu ƙalau. Abin da ya kamata ta ji shi ne, idan ta auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila, kowane ciki da lissafinsa, ba wai ɗa na huɗu ba. Wanda kuma nasa ya nuna ciwon hanta ko ƙanjamau, bai kamata ya fara sani daga takardar da ɗan aike ya riga shi karantawa ba. Kafin a ɗebi jinin ya kamata a gaya masa me ake nema, da abin da zai biyo baya idan an samu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma na san ranar tiyata ba ku da lokacin dogon zance. Shi ya sa nake roƙon shugabannin asibitoci da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha da ƙungiyoyinku na likitoci da ma'aikatan jinya su zauna su fitar da takarda mai shafi ɗaya ga kowane gwajin da aka fi yi, da Hausar boko da ajami, a rubuta ta ana magana da matashin kai tsaye: ga abin da za a yi maka, ga dalili, ga ƙarfe nawa za ka daina ci, ga abin da za ka ji, ga lambar da za ka kira idan kana da tambaya. A naɗi muryar wata Sista tana karanta ta, a tura ta WhatsApp ga wanda ba ya karatu. A sa layi ɗaya a fayil inda ma'aikaci zai nuna cewa an yi wa majinyacin bayani shi da kansa, an kuma gan shi shi kaɗai. Idan kun fitar da takardun, ku aiko wa makarantu. Muna da taron asabar da safe da ɗalibai, za mu karanta musu, mu kuma tattaro muku tambayoyin da suka yi don ku gyara bugu na gaba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makarantar kwana, Kano